Yadda ƙauyen kan iyaka zai kafa kwamitin sa ido, ya kuma ci gajiyar haɗin gwiwar ƙasashe wajen hana ta'addanci

Ƙauyukan Jigawa da ke daura da iyakar Nijar, irin na ƙananan hukumomin Maigatari da Babura, ba su ɗanɗana masifar da ta afka wa Borno da Yobe ba, kuma wannan zaman lafiya shi ne zai ba da damar yin shirin da za a bayyana a nan, domin garin da aka riga aka tarwatsa ba shi da sukunin zama ya tsara komai. Bayanin na dagatai ne da bulamai da limamai da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata.

A watan Satumba na 2006 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da tsarin bai-ɗaya na yaƙi da ta'addanci, wanda ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu, wato magance yanayin da ke haifar da shi, da hana shi tare da yaƙarsa, da ƙara wa ƙasashe ƙwarewa, da kiyaye haƙƙin ɗan'adam. Nijeriya ta fitar da nata tsarin na hana tsattsauran ra'ayi a 2017, ta sabunta dokar ta'addanci a 2022, kuma tana da Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Galibin taimakon da ke shigowa daga waje yana tafiya ne ga sojoji da masu gabatar da ƙara da alƙalai da jami'an shige da fice. Kason da ya shafi talakawa kuwa ba ya bin ƙauye gida-gida yana sallama. Yana isa ne ga garin da ke da mutanen da aka sani, da rubutaccen aiki, da hanyar da hukuma ta yarda da ita. Aikin gari shi ne ya samar da waɗannan ukun.

Farkon abin yi shi ne neman yardar hakimi, kuma dagaci ne ya kamata ya kai maganar da bakinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, so muke mu haɗa mutanen da ke ganin shige da ficen baƙi, su riƙa sanar da mu, mu kuma mu sanar da ku." Daga hakimi sai a sanar da shugaban ƙaramar hukuma da baturen 'yan sanda na yankin, domin kada wata rana a wayi gari ana tuhumar kwamitin da zama ƙungiyar asiri.

Wajen zaɓen mambobi ne aka fi yin kuskure, saboda an saba cika irin wannan zama da masu faɗa-a-ji, alhali abin nema shi ne masu gani. A ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, mutumin da ya fi kowa sanin wanda ya shigo shi ne fatoma, domin a gidansa baƙon falke ke sauka, shi ke tsaya masa a kara, shi ke shaidar cewa shanun da ya kawo ba na sata ba ne, kuma idan wani ya zo da garke amma ya kasa faɗin rugar da ya fito ko ardon da ya san shi, fatoma zai gane tun kafin a yi ciniki. Bayan shi akwai dillali, da shugaban 'yan acaɓa, da mai sayar da fetur a galan, da mai cajin waya, da mai kemis, da ardo. Dole ne kuma a sa mata, aƙalla ungozoma da malamar Islamiyya, domin su ke shiga gidajen da maza ba sa shiga, su ke fara jin cewa wani yaro ya daina cin abincin gidansu yana kiran iyayensa kafirai. Mutum tara zuwa goma sha biyu sun wadatar. Idan aka wuce haka sirri ba zai riƙu ba.

Tun a zaman farko a yanke cewa wannan kwamiti ba ya riƙe makami, ba ya kama mutum, ba ya hukunci, kuma ba ya gayyato wasu daga waje su tsare masa gari. Abin da ya faru a yankin Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato ya isa izina. 'Yan ƙungiyar Lakurawa masu ɗauke da makamai sun samu gindin zama ne a matsayin masu kare jama'a daga ɓarayin daji, sannan suka koma karɓar zakka da ƙarfi da shimfiɗa dokokinsu, har rundunar tsaro ta fito ta bayyana su a matsayin barazana a ƙarshen 2024.

Sai littafi. A sami babban littafi guda a hannun magatakarda mai amana, a rubuta shi da boko ko da ajami, duk wanda ya fi sauƙi, kuma a raba kowane shafi gida biyu: abin da aka gani da ido, da abin da aka ji a bakin wani. Wannan rabuwa ita ce ke sa jami'in tsaro ya ɗauki rahoton gari da muhimmanci. Rubutu mai amfani yana kama da haka: "Alhamis bayan la'asar, mutum biyu a kan babur marar lamba sun sayi jarka shida ta fetur a bakin tasha, sun biya ba tare da neman ragi ba, sun yi arewa ta burtali. Wanda ya gani: lamba huɗu." Ba a rubuta sunan mai kawo labari, lamba ake ba shi, kuma dagaci da magatakarda kaɗai ke sanin mai ita. Abubuwan lura sun haɗa da sayen fetur ko burodi ko magungunan rauni fiye da bukatar gida, da baƙon da ke tambayar yawan 'yan sandan caji ofis, da mai wa'azin da ya ƙi gabatar da kansa ga liman ya koma tara yara a bayan gari, da matashin da ba a san shi da sana'a ba amma aka gan shi da sabon babur da kuɗi.

A nan akwai wurin taka tsantsan. Kasancewar mutum Bafulatani ko Buzu ko Babarbare, ko ya tsayar da gemu, ko ya ɗage wando, ba abin shigarwa littafi ba ne. Abin da ya aikata ake rubutawa. Rikicin gona, da bashin da ba a biya ba, da adawar siyasa, su ma ba su da wuri a ciki, kuma duk mamban da aka kama ya shigar da abokin gabarsa a sallame shi. Dalilin wannan tsanani ba tausayi kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan hira da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka ambaci abin da ya tunzura su a ƙarshe, kashi 71 cikin ɗari sun ce wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ɗan'uwa ko aboki ko kama shi. Rahoton ƙarya da ya jawo aka tafi da marar laifi yana iya haifar wa gari abin da ake gudu.

Game da isar da labari, a tsayar da hanyoyi biyu tun da wuri, ɗaya ta masarauta, daga dagaci zuwa hakimi, ɗaya kuma kai tsaye zuwa ga jami'i guda da aka sani da suna a ofishin 'yan sanda ko na tsaron farin kaya. Abin gaggawa a kira nan take, har da lambar 112 inda take shiga. Sauran kuma a tara su zuwa zaman wata. A kuma sani cewa dokar 2022 ta ɗauki ɓoye bayanin da ya shafi ta'addanci a matsayin laifi, saboda haka shiru ba mafaka ba ne ga mai gari.

Hulɗa da ƙetaren iyaka ita ce ɓangaren da ya fi wuya a yanzu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, sannan ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedkwata a Injamena. Duk da haka hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, tana nan, kuma mutanen Magarya da Dungas ba su daina zuwa kasuwanninmu da bukukuwanmu da jana'izunmu ba. A yi amfani da wannan zumunci a fili: dagaci ya mallaki lambar takwaransa na can, ardo ya san ardo, fatoma ya san fatoma, kuma hakimi da jami'an shige da fice su san da maganar. Abin da za a riƙa musanye shi ne labarin shanun da aka kora, da yaron da ya ɓace, da baƙin fuskar da aka gani sun nufo. Maganar inda sojoji suke ko inda za su, ta kowane ɓangare, ba ta shiga wannan waya. Haka kuma ba a bin ɓarawo a tsallaka iyaka da gora da adda, komai zafin abin, domin wanda ya yi haka zai iya kwana a hannun jandarma, ya kuma ɓata hulɗar da aka daɗe ana ginawa.

Idan kwamitin ya yi kamar shekara yana aiki, lokacin neman horo da tallafi ya yi. A yi rajista a sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Idan ana son riƙe kuɗi da sunan ƙungiya kuma, sai an je ga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, an samu takardar SCUML, wato sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, an buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku. Asusun duniya irin GCERF, wanda aka kafa a birnin Janiba na ƙasar Switzerland a 2014 domin tallafa wa al'ummomi su tsare kansu daga tsattsauran ra'ayi, ba ya miƙa kuɗi ga ƙauye hannu da hannu. Yana bi ne ta manyan ƙungiyoyin cikin gida, su kuma su nemi ƙananan da za su yi aiki da su. Saboda haka ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana Dutse ko Kano, kuma abin da za a nuna shi ne takardun zaman wata-wata da jerin rikice-rikicen da aka sasanta, ba littafin sirri ba.

A ganina, taron kwana biyu a otel da ake tura ɗan mai gari ya karɓo kuɗin zama ba ya ƙara wa gari komai. A nemi mai horarwa ya zo garin, ya yi magana da Hausa, a lokacin rani bayan an gama kaka, kuma waɗanda za su zauna su zama masu aikin ne da kansu. A nemi a koya musu rubuta rahoto, da sasanta manomi da makiyayi kan burtali da mashaya, da tantance saƙonnin murya da hotunan da ke yawo a WhatsApp kafin a tura su gaba. Idan akwai tallafin sana'a, a karkata shi ga abin da yankin ya riga ya iya, kamar gyaran riɗi da zoɓo da kiwon turka, domin matashin da ke jiran cinikin Alhamis ba ya saurin sauraren mai yi masa alkawarin babur.

Wannan tantancewa ta shafi masu kawo alheri ma. Duk wanda ya zo da tayin gina masallaci ko haƙa rijiya ko ɗaukar yara zuwa karatu a wata ƙasa, a karɓe shi da mutunci, a nemi takardar rajistarsa da wasiƙar ƙaramar hukuma, a tambayi wanda zai yi limanci ko koyarwa bayan an gama ginin, sannan a kai maganar gaban hakimi kafin a nuna masa fili.