Yadda Ake Raɗa wa Jariri Suna a Zariya da Yadda Ake Yi Masa Rajista

Idan Allah ya sauki iyalinka lafiya, abin da za ka fara tsayarwa shi ne ranar suna. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Zazzau suke bi, ba a lissafa ranar haihuwa cikin kwana bakwai ɗin idan an haihu bayan fitowar alfijir, kamar yadda ya zo a littafin Risala na Ibn Abi Zaid da sharhohinsa. Shi ya sa wanda aka haifa ranar Talata da hantsi ake raɗa masa suna Talata mai zagayowa. Idan haihuwar ta zo cikin dare, ka tambayi limamin unguwarku kafin ka raba goron gayyata. Rago ɗaya ya wadatar, ko namiji aka samu ko mace, muddin lafiyayye ne irin wanda ya isa layya, kuma a ranar ce wanzami yake yi wa jariri aski.

Zaɓen sunan yanka shi ne inda ya kamata a yi natsuwa, domin yaro zai ɗauke shi har kabarinsa. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma malamai sun haɗu a kan haramcin jingina kalmar Abdu ga wanin Allah. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sauya wa wasu sunaye, kamar Barra da ya mayar Zainab. A Zariya har gobe Muhammadu, Abubakar, Usman, Aliyu, Aisha, Fatima da Khadija ne suke kan gaba, sai Amina, wadda ba a raba ta da tarihin Sarauniyar Zazzau. A gidajen Kiristoci, kamar na Wusasa, za ka ji Ishaya, Bulus, Saratu, Rifkatu da Godiya.

Abin da yake damuna shi ne yayin da ake yi yanzu na tsinto suna daga intanet ko fina-finai don kawai ya yi daɗi a baki. Ba kowace kalma da ta zo a cikin Alƙur'ani ba ce ta dace ta zama sunan mutum, don haka kafin ka yanke shawara ka kai wa malamin da ya san Larabci ya faɗa maka ma'anarta, sannan ka shawarci mahaifiyar yaron, ko da yake raɗin suna haƙƙin uba ne.

Idan ka mayar da sunan mahaifinka ko mahaifiyarka, alkunya za ta sa gida ya koma kiran yaron Abba, Baffa, Ummi ko Walida. Haka nan akwai sunayen rana irin su Ladi, Jummai, Balarabe da Ɗan'asabe, da Gambo ga wanda ya biyo tagwaye. Duk waɗannan al'adarmu ce mai kyau, amma laƙabi na cikin gida ne, sunan yanka shi ne na takarda.

Ta fuskar hukuma, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce kowane yaro yana da haƙƙin a ba shi suna a lokacin haihuwa ko a ranar da al'adar iyayensa ta tanada, saboda haka jiran kwana bakwai bai saɓa wa doka ba. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 kuma ta wajabta a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma rajistar a wannan lokaci kyauta ce. Ka nemi jami'in hukumar a sakatariyar ƙaramar hukumarka, Zariya ko Sabon Gari, ko a asibitin da ake yin rigakafi, ka tafi da katin asibiti da lambar NIN ta iyaye. Katin da asibiti yake bayarwa ba shi ne takardar shaidar haihuwa ba, kuma wanda aka haifa a gida shi ma ana yi masa rajista.

Kafin jami'i ya rubuta komai, ka rubuta masa sunan da hannunka. Ka tsayar da ƙa'ida ɗaya tsakanin Muhammad, Mohammed da Muhammadu, ko tsakanin Aisha da Aishatu, ka kuma tsayar da wanda zai zama sunan ƙarshe: na uba, na kaka, ko na unguwa kamar yadda wasu gidaje suke yi. Wannan tsarin ne za ka bai wa makarantar firamare, shi ne zai hau NIN, kuma da shi yaron zai yi rajistar JAMB ko ya nemi fasfo. Bambancin harafi ɗaya yakan kai mutum ga rantsuwa a kotu da sanarwar sauya suna a jarida. Idan an miƙo maka takardar, ka karanta ta a gaban jami'in, ka duba sunan da ranar haihuwar, in akwai kuskure a gyara kafin ka bar wurin.