Yadda Matafiyi Daga Sakkwato Zai Hau Matakin Zinare a Kamfanin Jirgin Sama

Akwai Sakkwatawa da dama da shekara ba ta wuce su ba tare da sun hau jirgi zuwa ƙasar waje ba, wasu domin Umara, wasu domin sarin kaya a Dubai, Istanbul ko Guangzhou, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da lambar mamba a kamfanin da suke yawan bi. Tsarin saka wa abokan hulɗa da maki ya bazu ne tun bayan da American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage a 1981, kuma a yau kusan kowane babban kamfani na da nasa. Shiga kyauta ne, hawa matakan sama ne ke bukatar tsari.

Abu na farko shi ne zaɓen inda za a tara makin, kuma hanyar da mutum ya saba bi ita ce ya kamata ta yanke wannan hukunci. Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yawanci sai an biya ta Abuja ko Legas, ko kuma a bi mota zuwa Kano, kafin a samu jirgin ƙasar waje. Manyan kamfanoni sun kasu cikin ƙawance 3: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines duk 'yan Star Alliance ne, Qatar Airways na cikin oneworld, Saudia na cikin SkyTeam, shi kuwa Emirates ba ya cikin kowanne. Wanda yau ya bi ta Addis Ababa, gobe ta Alƙahira, zai iya zuba makinsa duka a asusu guda, misali ShebaMiles na Ethiopian ko Miles&Smiles na Turkish. A ganina wannan shi ne zaɓi mafi sauƙi ga ɗan kasuwar Arewa. Wanda ya buɗe asusu 4 ya rarraba tafiye-tafiyensa a kansu zai shekara yana tafiya bai tsallake matakin farko ba a ko'ina.

Bayan zaɓe sai rajista a shafin kamfanin ko a manhajarsa ta waya. A rubuta suna daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi, domin kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne ba, kuma saɓani irin wannan kan hana maki shiga.

Sai kuma a gane cewa makin iri 2 ne, domin a nan ne mutane suka fi rikicewa. Akwai makin kashewa, wanda ake karɓar tikiti da shi ko a ɗaga kujera zuwa sashen manya, akwai kuma makin matsayi, wanda shi kaɗai ke hawar da mutum daga mataki zuwa mataki, kuma cikin ƙayyadadden lokaci ake ƙirga shi. A Privilege Club na Qatar, makin kashewa shi ne Avios, na matsayi kuma Qpoints: ana bukatar 150 cikin watanni 12 domin matakin Silver, 300 domin Gold, 600 domin Platinum. A Turkish, inda ake ƙirga makin da mil, mil 25,000 na matsayi ke kai mutum Classic Plus, 40,000 cikin watanni 12 su kai shi Elite, wanda ya yi daidai da matakin zinare na Star Alliance. A Skywards na Emirates ana samun Silver da mil 25,000, Gold da 50,000. Kamfanoni kan sauya waɗannan ƙa'idoji, don haka a duba shafinsu kafin a tsara tafiyar shekara.

Ba kowane tikiti ne ke ba da cikakken maki ba. Kowane tikiti na da harafin da ke nuna ajinsa, kuma mafi araha daga ciki kan ba da kwata ko rabin nisan tafiyar kawai, wani ma ba ya ba da komai. Saboda haka idan ejan ya ce ya samo mai sauƙi, a tambaye shi harafin, a duba jadawalin kamfanin da ake tara makin a wurinsa. Wani lokaci ƙarin kuɗi kaɗan kan ninka makin, wani lokaci kuwa bambancin ya fi ƙarfin amfanin, sai a haƙura. Jiragen shata na jigilar alhazai galibi ba sa cikin wannan lissafi.

A tabbatar lambar mamba ta shiga kowane tikiti. Ejan da ke yankar wa mutane da yawa tikiti a rana ba lallai ne ya tuna ba, don haka a sake nuna lambar a wurin auna kaya, sannan a duba katin shiga jirgi, domin akan buga ta a jikinsa. Kada a yar da katin sai makin ya bayyana a asusu. Idan bai shiga ba, ana iya nema daga baya da lambar tikiti, amma akwai wa'adi, a kamfanoni da yawa watanni 6 ne.

Ribar gaske tana farawa ne daga matakin zinare. Mai katin zinare na Star Alliance, ko da tikitin talakawa ya yanka, yana da layin auna kaya na daban, yana cikin waɗanda ake fara kira su shiga jirgi, jakarsa tana fitowa da wuri, kuma zai shiga falon hutawa tare da baƙo 1 da ke tafiya a jirgi ɗaya da shi. Wanda ya taɓa zaman sa'o'i 6 a filin jirgin Bole na Addis Ababa yana jiran jirgin Guangzhou ya san darajar kujera mai laushi da abinci da wurin cajin waya. Ga ɗan kasuwa kuwa abin da ya fi kowanne shi ne ƙarin kaya: kilo 20, ko jaka 1 a hanyoyin da ake ƙirga jakunkuna, ko da yake wasu tikiti mafi araha ba sa ciki. Kuɗin da ake biya na kayan da suka wuce ƙima a tafiya 3 ko 4 ba ƙaramin abu ba ne.

Matsayin ba na dindindin ba ne. A Turkish, Elite na ɗaukar shekara 2, a wasu kamfanonin shekara 1, kuma wanda bai sake cika ƙa'ida ba zai sauko. Makin kashewa ma yana da ajali, a Emirates da Turkish wajen shekara 3 ne. Idan ya rage saura kaɗan a cika kuma wa'adi ya kusa, hikima ce a matso da tafiyar da dama aka yi niyya, kamar Umarar da aka shirya nan da wata 2. Amma yankar tikitin da babu dalilinsa domin kati kawai, wannan sai wanda ya lissafa kuɗin kayan da zai ɗauko a shekara mai zuwa ya ga cewa zai mayar.