Yadda ake adana tarihin mahaifiya bayan rasuwarta

Fara da tsofaffin dangi tun suna da rai. Zauna da kowa shi kaɗai, minti 30 zuwa 45, kana naɗar murya a waya; in ka tara su wuri guda, babba zai mamaye zancen. Idan ta auri ɗan wata ƙabila daban, nemi dangin mahaifinka ma, har da waɗanda suka ƙi auren da farko. Rubuta maganarsu da harshensu, fassara ta biyo baya.

Saƙarta ko ɗinkinta, kada ka ƙulle a leda, danshi zai kawo fumfuna. Naɗe cikin farin ƙyallen auduga. Littafin addu'arta kuwa, ɗauki hoton duk shafin da ta yi rubutu a gefe. A bayan kowane hoto na takarda rubuta suna da shekara da fensir, tawadar biro tana ratsa takarda.