Kurakuran da masu sayen gida a ƙauye suke ta maimaitawa

Na gaji da ganin mutanen birni suna zuwa yankin ƙauyuka, su ga gida mai faɗin fili da araha, su biya cikin gaggawa, shekara ba ta zagayo ba su fara da-na-sani. Kurakuran kuma kullum su ne dai.

Mafi tsada shi ne sayen gidan gado daga hannun mutum ɗaya. Uba ya rasu, ba a raba gado ba, babban ɗa ne ke riƙe da makulli, sai ka ɗauka shi ke da gida. Haka ta faru da ni. Ana cikin gyaran rufi ƙanwar wanda ya sayar mini ta iso daga garin da take aure, da goyo a bayanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba wanda ya nemi izininta. Gaskiyarta ce kuwa. Aiki ya tsaya, ruwa ya ci katakon da na saya, sai da na sake biyan kasonta. Tun daga nan ba na ba da ko kafin alƙalami sai na san magada nawa ne, maza da mata, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, sannan na je ofishin filaye na ga sunan da ke kan takarda. Dillali zai ce maka ai duk sun yarda. To, su zo su faɗa da bakinsu! Shi la'adarsa yake hange, ranar rigima ba za ka ga ƙeyarsa ba.

Kuskure na biyu, duba gida da rani. Haba jama'a, wa ke yin haka? Ƙauyukan da ke kusa da juna rabon abubuwa suke yi: asibiti a wannan, makaranta a wancan, kasuwa a na uku. Da rani tafiyar ba komai ba ce. Amma rafin da ka tsallaka a bushe, shi ne zai raba ka da asibiti cikin dare idan damina ta kankama, ga mai naƙuda a ɗaki. Ni sai an yi ruwa mai ƙarfi nake zuwa washegari, in bi hanyar da ƙafa, in duba gindin bango. Idan akwai layin danshi ko farin gishiri-gishiri a jikinsa, ruwa na kwanciya a wurin, ko da an shafe shi da sabon fenti.

Auna tsakanin rijiya da ramin masai. Kada ya gaza mita 30. Ƙwanƙwasa katakon rufi, in ya yi ƙarar fanko gara ta riga ka shiga. Kira wani a waya daga cikin ɗaki, domin sabis ɗin bakin titi ba naka ba ne.

Iyaka kuma kada ka yarda da "daga bishiyar nan zuwa can". Bishiya ana sare ta. Kira maƙwabta, a kafa alamar siminti suna tsaye.

Ka kuma tambayi tsofaffi ko akwai hanyar da mutane da dabbobi ke bi ta cikin filin kafin ka ja katanga. Waɗanda ka toshe wa hanyar gona, su ne za ka buga wa ƙofa ranar da motarka ta kafe a laka.