Kafin ku karɓi motar lantarki ta shirin Motability

'Yan'uwa mazauna Birtaniya masu karɓar babban kason kuɗin zirga-zirga na PIP ko DLA (tallafin da gwamnati ke ba masu naƙasa), ku fara da tambayar inda za ku yi caji. In gidanku na da wurin ajiye mota daga cikin harabarsa, shirin Motability, mai ba ku hayar mota da wannan kuɗin tallafin, kan girka muku caja a hayar motar lantarki ta farko. Amma in mitar wutar gidan na nesa da wurin, ko sai an yi haƙa an binne waya, ƙarin kuɗin na iya hawa kanku. Mai zaman haya kuma sai ya samo izinin mai gida tukuna.

Nisan tafiyar da ke takardar talla kada ya ruɗe ku. Lokacin hunturu batir kan rage ƙarfi, hita ma na cin nata.

Ku tafi gwajin tuƙi da keken guragunku. Batirin a ƙasan mota yake, shi ya sa daɓen wasu kan yi tudu, shiga daga keke ta yi wuya. Ku gwada saka keken a but, ku ɗaga wayar caja mai sauri ku ji nauyinta, don ba kowane hannu ke iya ta ba.

Kuɗin gaba, wato wanda ake biya tun farkon hayar wasu motocin, kan sauya duk bayan wata uku, hayar kuma yawanci ta shekara uku ce.