Yadda Ake Sake Amfani da Ruwan Soda Wajen Wanke Garwar Madara

A wasu cibiyoyin tara madara, akan zubar da ruwan soda (caustic soda, irin wadda ake yin sabulu da ita) bayan wanki ɗaya, alhali da sauran ƙarfinsa. Ga tsadar soda, ga wahalar ɗebo ruwa.

Da farko ku ɗauraye garwa da ruwan ɗumi har sai farin madara ya daina fitowa. Nan ne aikin yake. In kuka yi gaggawa, maiƙo da furotin za su cika ruwan sodar, ya mutu tun ranar farko.

Ku haɗa giram 200 na sodar a lita 20 na ruwa. Sodar ake zubawa cikin ruwan sanyi a hankali, ba a zuba mata ruwa, domin tana ɗaukar zafi ta fantsamo. Safar hannu ta roba da tabarau dole ne. Sodar tana cin fata, tana makantarwa. Kada ta taɓa garwar alminiyam, cinye ta take yi. Sai ƙarfen da ba ya tsatsa.

Bayan wanki ku juye ruwan a durom na roba mai murfi, a rubuta masa alama, nesa da yara. Ya kwana. Da safe za ku ga dauɗa ta kwanta a ƙasa, maiƙo na yawo a sama. Ku yaye maiƙon, ku tsiyaye na tsakiyar ta ƙyalle, ku ƙara sabon haɗi ya cike abin da ya ragu.

Ranar da ya yi duhu, ko wari, ko kumfa mai yawa, ya gama aiki. Kada a zubar kusa da rijiya ko mashayar shanu.

Garwar kuwa a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta har santsi ya fita, a kife ta bushe.