Yadda ake gwajin hs-CRP don sanin hadarin ciwon zuciya

'Yan uwa na Aboabo da Asawase da sauran zangonnin Kumasi, musamman wanda ya haura 40 ko akwai hawan jini da suga a danginsu, akwai gwajin jini da ake ce wa hs-CRP, ya kamata ku san shi. CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa in akwai kumburi a jiki, toh kumburin da ke boye a bangon jijiyoyin jini shi ke sa kitsen da ya taru a wurin ya fashe, jini ya daskare, sai kaji ance wane ya fadi a shagonsa a Kejetia, bugun zuciya ko shanyewar barin jiki, alhali jiya lafiya lau kuka gaisa.

Ka fara ganin dokta, a Komfo Anokye ko asibitin unguwarku, shi zai rubuta. A lab din ka duba takardar da kyau kaga akwai "hs" a gaba, don CRP na gama-gari baya kama kananan lambobin da ake nema. Shi kadai baya bukatar azumi, amma in za a hada da gwajin kolestirol, wato kitsen cikin jini, ka tambaya kafin ka karya.

Inda nafi so ku kula shine lokacin zuwa. Don Allah kar kaje kana cikin zazzabi. Maleriya tana daga CRP sama sosai, haka mura, ciwon hakori, miki, ciwon gabobi, kuma mu nan da damina kusan kowane gida akwai mai kwance. Ka bari ka warke sarai, sati biyu ko fiye, in ba haka ba ka biya sidinka ka dawo da lambar da zata hana ka barci a banza. Mai ciki da mai shan maganin tazarar haihuwa su fada wa dokta, suma lambarsu tana hawa.

Kungiyar likitocin zuciya ta Amurka tun 2003 ta raba sakamakon gwajin haka, da miligram a litar jini: kasa da 1 hadari kadan ne, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 hadarin yayi yawa. In ya wuce 10 galibi wata cuta ce ke aiki a jikin, a neme ta, a sake gwaji bayan sati biyu. Dama sau biyu ake so ayi.

A wani babban bincike na 2008 da ake kira JUPITER, mutanen da kolestirol dinsu bai hau ba amma hs-CRP dinsu ya kai 2, da aka basu maganin rage kolestirol mai suna rosuvastatin, ciwon zuciya ya ragu a cikinsu sosai. Amma kar wannan yasa ka ruga kemis ka saya da kanka, dokta ne zai hada lambar da awon jininka, suga, shekaru da ko kana shan sigari. Kai kuma ka bar sigarin, ka rage tumbi, ka rage mai da gishiri a kan waakye, ka dinga takawa da kafa ko rabin awa ne kullum, sannan ka ajiye takardar sakamakon don a kwatanta da na gaba.